Faifan Malam a Gonar Gero

"Umma, wane laifi Kaka Malam ya yi aka rataye shi a gona?"

Tahira tana durƙushe a tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo, sai rariya ta tsaya cak a hannunta. Ta ɗago ta dubi 'yarta Aina'u, 'yar shekara biyar, wadda shigowarta ke nan daga rakiyar ubanta gona, ƙafafu jiƙe da raɓa.

"A'uzu billahi! Ke Aina'u, wace irin magana ce wannan da sassafe? Kakanki shekararsa huɗu a kabari, Allah Ya jiƙansa. Wa ya gaya miki wannan shirmen?"

"Ba wanda ya gaya min, ni na gan shi da idona. Yana can wajen bishiyar kuka a jikin igiya, iska tana ta juya shi. Da hularsa da gemunsa." Ta ware yatsun hannunta duka. "Har guda biyar ne ma."

Tahira ta ajiye rariyar. A duk duniyar nan abu ɗaya ne ke ɗauke da hoton mahaifinta har sau biyar: faifan sidi biyar na karatunsa, waɗanda ta zo da su gidan miji a cikin gwangwanin biskit, naɗe a tsohon rawaninsa.

Mahaifin nata, Malam Iliyasu, malamin allo ne a Dawakin Tofa, mai muryar da in ya ja baƙi har masu wucewa a kan keke sai sun sauka. Tun Tahira tana ƙarama ya taɓa ɗaukar karatunsa a kaset ya raba wa iyayen yara. Ba a yi wata shida ba, ran kasuwa, sai ga wata mota da lasifika a kanta tana tafe da muryarsa. Malam ya tsaya yana murmushi, ana tsakiyar aya sai karatun ya yanke, wani ƙato ya shigo da tallan maganin basir da shawara, ya gama, sannan muryar Malam ta ci gaba. Ashe masu satar fasaha ne suka kwafe kaset ɗin suka yi masa faci. Ranar ko ruwa bai iya sha ba sai bayan magariba. Shi ya sa da zai sake ɗauka a faifai, izu biyar don yara, kowane izu da faifansa, ya rantse ba zai bari ya fita ba sai an yi masa kwaɗon da zai hana kwafa. Aka kuwa yi. Tahira tana shekara goma sha biyu lokacin, tana cikin yara huɗun da aka kai Kano suna maimaitawa in ya biya.

Kaɗan aka buga. Zamani ya juya, waya ta kori faifai, na yayyenta duk sun salwanta wajen tashi da aro. Nata kaɗai ya rage. Da damina ta kama, rediyon gidansu mai cin faifai ta sha ruwa ta mutu, ga Aina'u an sa ta Islamiyya. Shi ne mako uku da suka wuce ta danƙa wa mijinta Nababa faifan, ta ce ya kai wa mai tura waƙoƙi a waya da ke kasuwar Makoda, ko Allah Zai sa a samu dabarar juye su a memori, yarinya ta ɗauki karatu daga bakin kakanta. Tun daga nan, kullum ta tambaya sai ya ce layi ne ya yi yawa.

Tana cikin wannan tunani Nababa ya yi sallama ya shigo, fartanya a kafaɗa, yana 'yar waƙarsa.

"Sannu da zuwa, Baban Aina'u. Ina faifan Malam?"

Waƙar ta maƙale. "Ai na ce miki layi ne…"

"Layin tsuntsaye ko?"

Ya dubi Aina'u. Aina'u ta dube shi ta washe giɓinta. Ya ajiye fartanyar a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Wallahi, Tahira, tsaya ki ji. Na kai. A gabana mai turin ya sa su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe, ta ƙi buɗewa, har sai da ya zare mata wuta. Ya ce min sun mutu, fanko ne, iska ce kawai a ciki. Na rasa bakin gaya miki. To ga tsuntsayen jan-baki sun sauka a gero, shi kuma mai turin ya ba ni leda guda ta matattun faifan fim in rataya in kore su, na ce tunda babu sauran karatu a ciki…"

"Sun mutu? Inna lillahi! Ba mutuwa suka yi ba, kwaɗo ne! Malam da kansa ya sa aka kulle su. Ban gaya maka ba?"

"Ni na zaci kwaɗon gwangwanin kike nufi."

Ta zura hijabi, ko garin da ke hannunta ba ta karkaɗe ba, ta fice. Rabonta da gonar tun shuka, amma ranar Nababa da dogayen ƙafafunsa sai da ya haɗa da gudu kafin ya cim mata, Aina'u a wuyansa tana ihun "Ku yi sauri, rana tana dukan Kaka!"

Gonakin wajen a manne suke da juna, gero ya yi kai ya sunkuya, gyaɗa ta rufe ƙasa a tsakani. Tun daga nesa ta hango walƙiya tana tashi a saman zangarniya. Nababa ya ja igiya daga wannan kara zuwa wancan, faifai sun fi talatin suna juyi suna watsa hasken rana, tsuntsaye na tashi gungu-gungu suna komawa gonar maƙwabci. Ba don halin da take ciki ba da ta yaba masa dabara. Ta kutsa cikin geron, ganye na yankar mata fuska, har gindin kuka.

Ga su nan kuwa. Malam Iliyasu sau biyar, da farar hula da gemu, yana juyawa gabas yana juyawa yamma. Rana ta fara cinye launin rigarsa. A na uku wani tsuntsu marar kunya ya yi masa kashi a hula.

Sai da ta kai hannu za ta kwance ta ga abin da ya fi wannan. Ba ta ramin tsakiya aka zura igiyar ba. Kowanne an huda shi a gefe.

"Me ka yi musu?"

"Ƙusa na gasa," in ji Nababa, murya ƙasa-ƙasa. "In ta tsakiya ne ba sa juyawa da kyau."

Ta zauna daɓas a kan kunya. Hawaye suka zubo, amma ba ta bari sun ci mata lokaci ba. Nababa ya ciro na ukun zai murza shi a gaban rigarsa, ta fizge.

"Kada ka goge! Yashi ne a jiki, za ka ƙarasa shi." Ta cire ɗankwalinta ta ƙarƙashin hijabi, ta jera su ɗaya-ɗaya, kowanne da ninki a tsakani. "Akwai mai a babur ɗinka?"

"Akwai."

"Dawakin Tofa za mu, wajen Baba Sha'aban. Shi ya raka Malam Kano aka yi aikin nan. In akwai mai sanin kansa, shi ne."

Hantsi bai gama dubawa ba suna kan hanya, Aina'u a tsakiya, ƙunshin faifan a ƙirjin Tahira. Duk ramin da babur ya faɗa sai ta ce, "A hankali!" In ya rage gudu kuma ta ce, "Haba, tafiyar hawainiya za mu yi?"

Baba Sha'aban mai gyaran rediyo, aminin marigayi, yana rumfarsa ta bakin tasha, tabarau ɗaure da zare a kan hanci, matattun rediyo jibge a bayansa har rufi. Tahira ta durƙusa ta gaishe shi. Ya leƙa ta saman tabarau.

"Wa nake gani kamar Tahirar Malam? Lale! Wannan kuma amaryata ce aka kawo min? Ke, me ya cinye miki haƙora?"

"Ni ba na auren tsoho," in ji Aina'u, ta ɓuya bayan uwarta.

"Za ki dawo ne, samarin yanzu ko goro ba sa saye."

Tahira ta kwance ɗankwalin ta ba shi labari tiryan-tiryan. Tsohon ya ɗaga faifai ɗaya, ya dubi hudar, ya dubi kashin tsuntsun, sannan ya juya kan Nababa a hankali.

"Kai ne surukin?"

"Ni ne, Baba."

"Mutumin da garin nan kaf ake durƙusa masa, kai ka ɗauke shi aikin gadin tsuntsu? Ko abincin rana kana kai masa?"

Masu jiran mota da ke zaune a benci suka kwashe da dariya. Nababa ya sunkuyar da kai yana susar ƙeya. Tahira ba ta yi dariya ba.

"Baba, don Allah, zai yi?"

"Yi haƙuri, 'yata, bari mu gani." Ya sa aka kawo ruwa mai kyau a kwano, ya zuba a kan faifan har yashin ya sauka da kansa, sannan ya ɗauki auduga yana shafawa daga tsakiya zuwa baki, ba ya zagayawa. Ya juya bayan faifan wajen haske ya kira ta. "Matso. Kin ga wannan siririn layin kamar zobe, kusa da baki? Daga shi zuwa waje, kwaɗon ke nan. A gabana mai kamfanin ya nuna wa Malam. Kin iya saƙar faifan kaba?"

"Na iya."

"Daga ina kike farawa?"

"Daga cibiya."

"To shi ma haka. Karatun daga cibiya yake farawa, yana zagayawa yana yin waje. Rediyo baiwar Allah ce, ba ruwanta, daga cibiya take kamawa ta bi hanya. Ita kuwa kwamfuta shisshigi gare ta, sai ta fara leƙa baki ta ga me aka ajiye. Shi ne aka zuba mata bayanin ƙarya a wajen. Ta shiga ta yi ta zagaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke, ta kasa fita. Wanda bai sani ba sai ya ce faifai ya mutu." Ya sa farce a bakin hudar. "Shi kuma wannan gwanin naki, Allah Ya taimake shi, a kan kwaɗon ya yi hudarsa. Bai taɓa karatu ba. Saura ɓarnar rana, ita ce ban sani ba."

Ya kankare kumburin da ƙusa ta bari da reza, ya shiga tone tarin kayansa, ya jawo wata doguwar rediyo mai cin faifai, murfinta ɗaure da roba. Ya hure ƙura, ya haɗa ta da batirin mota, ya sa na farko ya danna.

Shiru. Faifan ya yi kir-kir, ya tsaya, ya sake ɗauka. Tahira ta damƙe hannun Aina'u har yarinyar ta ce "Wash!" Lambobi suka fito a gilashin.

Sai gyaran murya. Wannan gyaran muryar da take ji ta bayan zana kullum da asuba tun tana goye.

Malam Iliyasu ya yi basmala ya ja aya ta farko, muryar nan garau kamar yanzu ya shigo rumfar ya zauna.

"Allahu Akbar!" in ji Baba Sha'aban, ya cire tabarau. "Ya tashi! Wallahi ya tashi!"

Tahira ta miƙe tsaye, ta zauna, ta sake miƙewa. Dariya take, hawaye na zuba, ta rasa wanda za ta kama sai ta ɗaga Aina'u sama. "Kin ji shi? Kin ji Kakanki? Shi ne wannan!" Nababa kuwa sai faɗi yake, "Alhamdu lillahi, ashe yana ciki! Ashe duk kwanakin nan yana ciki!"

A cikin rediyon yara suka maimaita ayar. Sai Malam ya dakata ya ce, "Tahira, ɗaga murya mana, ba da sauro kike magana ba." Wata siririyar murya ta sake ja ita kaɗai, tana rawa.

Aina'u ta zaro ido. "Umma, wace ce mai sunanki?"

"Ni ce."

"Ke? Ke ma ana yi miki faɗa?"

Rumfar ta sake ɗaukar dariya. Kafin a jima mai shayi ya baro teburinsa, wani direba ya kashe mota ya fito ya bar fasinjojinsa a ciki suna kira. "Wannan ba muryar Malam Iliyasu ba ce? Ni ma a gabansa na yi allo!" Mutane suka yi cincirindo, in Malam ya biya sai manya da furfurarsu su amsa tare da yaran cikin faifai.

Tahira ce ta fara dawowa hayyacinta. "Baba, ya za a yi ya shiga waya? Faifan nan ba za su ƙara shekara ba."

"Hanya ɗaya ce, kuma ba ta gaggawa ba ce." Ya ɗauko wata 'yar igiyar wuta ya soka a ramin abin saurare na rediyon, ɗaya bakin ya soka a wata ƙaramar na'urar ɗaukar murya. "Kwaɗon ya hana a kwashe a minti biyu. Bai hana a zauna a saurara ba. Yadda Malam ya zauna ya karanta, haka za mu zauna ta ɗauka, aya bayan aya, awa biyar. Ɓarawo ba shi da wannan haƙurin. Ke kuwa 'yarsa ce, gadonki ne. Sharaɗi ɗaya: ranar da na ji tallan magani a tsakiya, ni da ke ne."

"Baba, daga yau ko wayata ba zan ba wa mai turi ba, balle wannan."

Aka koma farko. Ya bar ƙaramar lasifika ɗaya don jama'a. Na farko ya wuce lafiya, na biyu haka. Aka tashi aka yi azahar aka dawo. Na uku, mai kashin tsuntsu, ya yi tsalle sau ɗaya, aka sake wanke shi ya miƙe. Nababa ya sayo gurasa da rake ya ajiye gaban kowa, ba wanda ya ce ya saya. Aina'u ta zauna dab da lasifika, tun tana motsa baki har ta fara amsawa da ƙarfi, tana riga muryar uwarta ta cikin faifai. Duk sanda ta yi daidai sai Tahira ta dubi Baba Sha'aban, shi kuma ya gyaɗa kai.

Bayan la'asar aka sa na biyar. Tun wajen wanki tsohon ya daɗe yana kallonsa. Shi ya fi sauran cika, karatunsa ya kai har gab da zoben, kuma a nan hannun Nababa ya goce, ƙusar ta ci ciki.

Izun ya ƙare lafiya. Malam ya rufe karatu, ya ce, "To yara, ku ɗaga hannu." Tahira ta san abin da ke tafe. Addu'a ce ya yi wa yaran huɗu, kowa da sunansa, ita ce ta ƙarshe. Jama'a suka ɗaga hannu. Ya yi wa na farko, aka ce amin. Ya yi wa na biyu da na uku.

"Ke kuma Tahira, Allah Ya ba ki… ba ki… ba ki…"

Faifan ya yi ƙara ya tsaya. Baba Sha'aban ya sake gwadawa sau uku, ya canza rediyo, ya shafa, ya hura. A wuri ɗaya yake tsayawa.

"Nan kam ƙusa ta riga mu," in ji shi.

Nababa ya tashi ya koma bayan rumfa ya tsaya yana kallon bango.

Aina'u ta ja hijabin uwarta. "Umma, me zai ba ki?"

Tahira ta share fuska da bayan hannu. Sau ɗari ta ji wajen nan, ba ta taɓa zaton ranar da za a nema a bakinta ba. "Cewa ya yi, Allah Ya ba ki 'ya'ya masu ɗaga murya in suna karatu."

"Ni ai ina ɗagawa."

"Har kin fi kowa. Je ki kira Abbanki, yamma ta yi."

Baba Sha'aban ya juye karatun a memori biyu, ya ce ɗaya a waya, ɗaya a gwangwani, shi ma ya riƙe nasa. Ta naɗe faifan ta mayar ƙirji. A hanya, da suka hango hasumiyar masallacin Makoda, Nababa ya rage gudu ya waiwayo.

"Tahira, ki yafe min."

"Na yafe. Amma gobe da ka idar da sallar asuba, ka ɗauki gwangwanin kaɗawa da sanda ka je gindin kuka korar tsuntsaye. Wajen da Malam ya tsare maka duk makonnin nan, yanzu kai za ka tsare."

"Ni ma zan je!" in ji Aina'u. "In ɗaga musu murya!"

Geron ya shigo rumbu lafiya a shekarar. Aina'u tana izu na biyu yanzu, kullum da safe wayar na jingine da turmi, Malam yana biyawa tana amsawa. Amma in an zo ƙarshen na biyar, har gobe a nan yake tsayawa.

To kai mai karatu, musamman ke uwar gida da kayan tsofaffi ke hannunki: in kwamfuta ta ƙi buɗe faifai, kada ki yarda da mai cewa ya mutu, sai kin gwada shi a rediyo mai cin faifai, kin kuma tambayi wanda ya san yadda aka yi shi. Kada ki bar shi a rana, kada ki murza shi da yashi a jiki. In muryar wani naki ce a ciki, ki juye ta tun yau, ki ajiye wuri biyu. Kuma in za ki aiki maigida da shi, ki yi masa bayani dalla-dalla har sai ya maimaita miki, don abin da ƙusa ta ci ba mai dawo miki da shi.